Baƙin ɗigo a ganyen furen wardi: feshi ko aski?

Feshin maganin farar wuta yana hana fumfunar da ke kawo ɗigon yaɗuwa, amma ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Sai ka maimaita duk kwana 7 zuwa 14, kuma idan zafi ya wuce digiri 30 yana iya ƙona ganyen.

Ni dai na fi son aski, wato rage rassa. Cutar tana bukatar ganye ya jiƙe na kusan awa 7 kafin ta kama. Don haka a rage rassan tsakiya iska ta ratsa, a zuba ruwa a gindi da safe, a tsince ganyen da ya zube a ƙone, domin a cikinsa take ɓuya. Wahala ce, ba ƙarya. Idan ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, a haɗa da feshin.