Silver Efex Pro: manhajar da nake gyara hotunan baƙi da fari da ita

Cire launi daga hoto ba shi ne yin hoton baƙi da fari ba. Idan ka ɗauki dattijo sanye da jar dara da koriyar alkyabba, ka danna maɓalli ɗaya launi ya tafi, sau da yawa hular da alkyabbar sai su koma toka-toka iri ɗaya, hoton ya yi lami. Aikin yana wajen zaɓar launin da zai yi haske da wanda zai yi duhu, kuma a wannan fage ban ga manhajar da ta kwanta min a rai kamar Silver Efex Pro ba.

Tana cikin tarin manhajojin Nik Collection. Kamfanin Nik Software ne ya ƙirƙiro ta, Google ya sayi kamfanin a 2012, ya mayar da tarin kyauta a 2016, sannan kamfanin DxO na Faransa ya sayi tarin a 2017. Yanzu sai da kuɗi.

Ga yadda nake aiki. Ina ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil mai riƙe duk abin da kyamara ta ɗauko, amma ina saita kyamara a kan baƙi da fari, don in riƙa ganin haske da inuwa a fuskar kyamarar tun a wurin ɗauka. Launin bai ɓace ba, yana nan cikin fayil ɗin. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom nake gyaran farko: in daidaita haske, in dawo da inda ya ƙone da fari, in rage ƙurajen da ɗauka cikin duhu ke kawowa. Ba na ƙara wa hoton kaifi a nan, kuma da launinsa nake tura shi Silver Efex, a matsayin TIFF mai 16-bit, wato nau'in fayil ɗin hoto mai riƙe bayanan launi da yawa. Wannan na da muhimmanci, domin matatar launi da ke cikin manhajar ba ta da abin yi idan an riga an cire launin.

Matatar nan kwaikwayon gilasan da masu ɗaukar hoto na zamanin fim suke ɗaura wa kyamara ce. Ja tana duhunta shuɗin sama, gajimare ya fito ɓaro-ɓaro. Kore tana haskaka ganye. A fuskar baƙar fata, ruwan lemo tana ɗaga hasken fatar ta kuma lafar da ita, shuɗiya kuwa tana duhunta ta, ta tono kowane tabo. Ni ruwan lemo ko ruwan ɗorawa nake fara gwadawa a hoton mutum, kuma ba na kai ƙarfinta ƙarshe.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne Control Points, wato ɗigon da ake ɗorawa a hoto don gyara wuri guda. Duk wanda ya ɗauki mutum baƙi cikin farar shadda da tsakar rana ya san wahalar: ka bi fuska riga ta ƙone, ka bi riga fuska ta nutse. A nan sai ka ɗora ɗigo a kumatu, ka buɗe da'irarsa ta rufe kai, manhajar ta duba kamannin wurin da ka taɓa ta haskaka shi da makamantansa kaɗai. Rawanin da ke cikin da'irar ba ya motsi. Ka ɗora wani ɗigon a ƙirjin rigar, ka rage haske kaɗan, sai ga aikin aska ya bayyana zare-zare, har da ƙyallin bugun shaddar. Wannan shi ne abin da masu wankin hoto na da suke yi da hannu a ɗaki mai duhu, suna tare haske a wani wuri suna ƙara shi a wani, sai dai nan kana ganin sakamakon nan take.

Akwai kuma ma'aunin haske mai lamba 0 zuwa 10, wanda aka ɗauko daga tsarin masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer na Amurka. Sifili baƙi ƙirin ne, goma fari fat. Kana nuna lamba, sai manhajar ta zana maka wuraren da suka faɗa cikinta. Kafin in kai hoto a buga a takarda, sai na duba cewa riga ba ta faɗa 10 ba, ido da gemu ba su nutse a 0 ba.

Maɓallin Structure, mai fito da ƙananan zane-zanen jikin abu, yana buƙatar hannu mai sanyi. A katangar ƙasa, ko ƙofar katako, ko hannun maƙeri, yana fito da kowane tsagu da kyau ƙwarai, kuma yana taimaka wa hoton da hazon hunturu ya dusashe. A fuskar mace ko yaro kuwa, ƙari kaɗan yana tsufar da mutum. Shi ya sa ba na ƙara shi ga hoto gaba ɗaya, sai ta ɗigo, inda nake so kawai. Haka gyare-gyaren da aka shirya tun daga kamfani, waɗanda ke jere a gefen hagu: suna da kyau don ka ga hanyoyin da hoto zai iya bi, amma da yawansu sun yi wa hoton mutum ƙarfi. Kwaikwayon fina-finan ɗaukar hoto irin su Kodak Tri-X da Ilford HP5 yana da daɗin gani, ko da yake a fuskar waya da ƙyar ake lura da barbashinsu.

Sai a shirya wa nauyin fayil. Hoto mai megafiksel 24 a TIFF 16-bit da ba a matse ba ya kai kusan megabayit 144, ga kuma RAW ɗinsa a gefe. Wanda ya ɗauko hotunan biki ɗari biyar ba zai bi da su ta nan ɗaya bayan ɗaya ba. Lightroom na da maɓallan launi takwas na baƙi da fari, sun ishe shi, ya gyara ɗaya ya kwafa wa sauran. Ni ma zaɓaɓɓun da zan buga a rataye kaɗai nake kaiwa Silver Efex.

Wanda kuɗin ya yi wa yawa, darktable kyauta ce a kwamfuta, tana haɗa launuka zuwa baƙi da fari sosai, sai dai koyonta na son haƙuri. A waya kuma akwai Snapseed, wadda ita ma Nik ne ya ƙirƙiro ta, tana da matatar launi da ɗigon gyara wuri guda. Da ita nake cewa mai koyo ya fara, ya ɗauki hoton mutum ɗaya ya gwada masa ja, da kore, da ruwan ɗorawa, ya ga yadda fatar ke canzawa kafin ya kashe ko sisi.