GetOpt ko optparse-applicative: wanne za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta 'yar manhaja da Haskell wadda za a riƙa kira kamar haka: `duba -n 20 --shiru rajista.txt`, kuma ka gaji da tsintar abin da getArgs (mai miƙo maka kalmomin da aka rubuta bayan sunan manhaja) ke kawo maka ɗaya bayan ɗaya. Tambayarka ita ce tsakanin GetOpt da optparse-applicative, laburare biyu na karanta irin waɗannan zaɓuɓɓuka, wanne ya fi.

GetOpt dai yana nan cikin base, laburaren da ke zuwa tare da GHC (mai harhaɗa Haskell), ba sai ka sauke komai ba, kuma getopt na GNU aka kwaikwaya. Kowane zaɓi za ka ba shi harafi, da dogon suna, ka faɗi ko NoArg ne (ba ya karɓar ƙima) ko ReqArg (dole a ba shi ƙima) ko OptArg (ƙimar ganin dama ce), sannan bayani. Shi kuma ya miƙo maka abu uku: zaɓin da ya gane, ragowar kalmomi, da kurakurai. To daga nan ya wanke hannunsa. 20 ɗin nan a matsayin rubutu za ta zo maka, kai za ka mai da ita lamba. In ka dogara da read kawai, wani ya rubuta `-n ashirin`, ba lallai manhajar ta yi ƙorafi nan take ba, domin Haskell ba ya lissafa abu sai an buƙace shi. Sai aiki ya yi nisa ta faɗi da "Prelude.read: no parse". Saboda haka readMaybe, wanda ke mayar da Nothing in ya kasa karantawa, ya zama dole. Kuma GetOpt bai san zaɓin da ya wajaba a bayar ba, kai za ka bincika.

Shi kuwa optparse-applicative, wanda Paolo Capriotti ya fara, tunaninsa daban ne, kuma nan ne nake so ka tsaya ka lura. Kana gina ƙananan masu karatu: `option auto` ga lamba, `switch` ga --shiru, `argument str` ga sunan fayil, sai ka ɗinke su da <$> da <*> su cika nau'in bayananka kai tsaye. In ka manta fili ɗaya, GHC ba zai bari ka wuce ba. Mai rubuta ashirin kuma tun daga ƙofa za a tare shi da saƙo mai ma'ana. Da gangan ba a mai da Parser ɗinsa Monad ba, wato tsarin da mataki na gaba ke dogara da sakamakon na baya. Wannan ne ya sa ana iya ganin duk tsarin tun kafin a karanta kalma ɗaya, shi ya sa yake iya rubuta maka --help da kansa, har ya cika umarni in an danna Tab a bash. Ƙananan umarni irin na git, kamar commit da push, hsubparser ya ishe ka.

Yana da nasa giɓin fa. Zaɓin da za a iya ba shi ƙima ko a bar shi haka, wato OptArg, babu shi a nan. Kuma `auto` da Read yake aiki, don haka ga rubutu strOption za ka sa.

Ni dai shawarata, in fayil ɗaya ne da kake harhaɗawa da ghc kai tsaye, zaɓi biyu ko uku, GetOpt ya wadatar. Amma tunda ka ce wasu ma za su yi amfani da ita, ɗauki optparse-applicative, ka ƙara shi a build-depends, jerin laburaren da manhajarka ke buƙata a fayil ɗin cabal, mai gina manhajojin Haskell. Wajen gwaji ka rubuta `cabal run duba -- --help`. In ka manta sandunan nan biyu na tsakiya, cabal ne zai ɗauka da shi kake.