Anki: Manhajar Haddar Kalmomin Turanci Da Inda Ake Kuskure Da Ita

Anki manhajar katunan hadda ce da Damien Elmes ya fitar a 2006. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, inda ake kiranta AnkiDroid. Ta iPhone ce ake biya. Aikinta ɗaya ne, kuma ta iya shi: dawo maka da kalma a lokacin da kake dab da manta ta. Katin da ka tuna sai ta ɗage shi kwanaki, sannan makonni, har watanni. Wanda ya kuɓuce maka kuwa, cikin 'yan mintoci zai sake fitowa.

Rubuta katin shi ne tushen aikin, a nan kuma masu koyo suka fi tafka asara. Sai su sa kalmar Turanci a gaban katin, fassara a bayansa, shi ke nan. Irin wannan kati zai sa ka gane kalma in ka gan ta, amma ba zai kawo ta bakinka ba, domin kowace kalma tana da abokan tafiyarta. Ana cewa "heavy rain", ba a cewa "strong rain". Ana cewa "make a decision", ba "do a decision" ba. Saboda haka zaɓi nau'in kati mai suna Cloze: rubuta cikakkiyar jimlar da ka tsinta a karatu, ka ɓoye kalma ɗaya, sannan ka sa ma'anarta da sauƙaƙan Turanci a ƙasa. Kalma mai ma'anoni da yawa, irin su "run", kowace ma'ana a ba ta katinta.

Manhajar na zuwa da saitin sababbin katuna 20 a kullum. Ya yi yawa, domin a hankali bitar yau da kullum takan kai wajen 200. Mayar da shi 5 zuwa 10. Bayan ka ga amsar kati, akwai maɓallan da za ka danna ka nuna yadda ka tuna shi. Idan ka manta amsa, danna Again, wato a sake. Danna Hard, wato da wuya, na nuna mata ka tuna, sai ta jinkirta katin fiye da kima. Katin da ka manta sau 8 za ta yi masa alamar leech, wato katin da ke cinye maka lokaci. Gyara jimlarsa ya fi a ci gaba da fama da shi.

Fuskarta ba ta da kwalliya, sabon shiga kan ruɗe da saituna. Tarin katunan da wasu suka haɗa ma ingancinsu ya bambanta, naka ya fi zama a kai. Hira kuwa ba ta koyarwa, wannan sai da abokin magana.