Tsakanin Leak Stereo 20 da Dynaco ST-70, ga wanda ya kamata ka ɗauka

Malam, tun da tsakanin Leak Stereo 20 da Dynaco ST-70 ne ka rasa wanda za ka saya ka farfaɗo da shi, to, ka ɗauki Leak ɗin. Dukansu biyu tsofaffin injinan ƙara sautin kiɗa ne (amfilifaya) masu aiki da bawul, wato ƙwayayen gilashin nan irin na tsohuwar rediyo, kuma dukansu sun zauna a kan teburina a nan Katsina. Ɗaya yana nan har yau, ɗayan kuwa ko shekara bai yi ba na rabu da shi.

Leak ɗin da ke wurina na same shi ne a hannun wani dattijo, tsohon malamin makaranta kuma aminin mahaifina, wanda ya taho da shi daga Ingila lokacin da ya je ƙaro ilimi. Ya fi shekara talatin a ɗakin ajiya a wajen Ƙofar Marusa. Ranar da na kife shi na buɗe cikinsa, zanzaro ya yi gini har biyu a kusurwa, ƙurar hunturu kuma ta daskare a kan komai, amma da na bi shi da burushi sai ga razistoci da kafasitoci a jere a kan allo guda kamar sahun masallata, kowanne ana ganin ƙafafunsa da inda suka nufa. Kamfanin Harold Leak na Landan ne ya fito da shi a 1958, da bawul EL84 guda huɗu, ECC83 guda uku, da GZ34 guda ɗaya mai daidaita wuta, kuma ƙarfinsa wat 10 ne a kowane ɓangare. Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba zai iya ɗora zanen a gefe ya bi shi da yatsa ba tare da ya ɓace ba.

Kusan wata biyu na yi ina aikin, bayan sallar isha'i kawai. Na sauya dukkan kafasitocin da ke haɗa bawul da bawul, domin idan sun tsufa sukan riƙa yoyon wuta, su sa EL84 ya ja fiye da ƙima har taransifoma ta ƙone. Na sauya manyan kafasitocin tace wuta, na auna razistoci ɗaya bayan ɗaya, na tarar da yawansu sun kauce daga adadin da aka rubuta musu. Akwai wata razista mai om 100 da masu ƙirar suka liƙa da gangan yadda dalmarta za ta narke ta faɗo idan wuta ta yi yawa. Kada ka ɗaure ta tamau kana ganin gyara ka yi, mai gadi ce. Kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila mai wat 100 na bi da wutar, irin tsohon ƙwan nan mai zare, wanda sai da na zaga rumfuna da dama a Babbar Kasuwa kafin na samu. Ƙwan ya yi haske, ya dushe a hankali, alamar babu inda waya ta haɗe ke nan. Da na kai wa dattijon na sa masa wani tsohon faifan kukuma, bai ce uffan ba har ya ƙare, sannan ya yi mini nuni da hannu in mayar da allurar farko.

Dynaco kuwa ba zan tauye masa haƙƙi ba: David Hafler ne ya fito da shi a Amurka a 1959, yana ba da wat 35 a kowane ɓangare da EL34 guda huɗu, kuma kayan gyaransa sun fi sauƙin samu a intanet. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kuskurena shi ne na saya ban duba bayansa ba, ashe na wutar Amurka ne, bolt 120 mai zagaye 60 a daƙiƙa, alhali tamu bolt 230 ce mai zagaye 50. Taransifomar rage wuta tana gyara bolt, amma ba ta sauya zagayen, saboda haka taransifomar wutar da ke cikin injin takan fi ɗaukar zafi. Ka haɗa wannan da cewa zaren kowane EL34 yana jan amfiya 1.5, na EL84 kuma 0.76 kacal, sannan ka tuna watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ga kuma bawul ɗinsa 7199 da ya yi wuyar samu, ga saita wutar EL34 da mita a kai a kai har ta zauna a bolt 1.56. Leak an yi shi ne don irin wutarmu, yana da wurin zaɓar bolt a jikinsa, kuma bawul ɗinsa su ke daidaita kansu.

Game da zamanantar da Leak ɗin, ka taƙaita hannunka. Ka sa waya mai baki uku ka haɗa ta ƙasa da jikin ƙarfen, ka tabbatar akwai fis, ka sabunta ramukan shigar sauti da na lasifika. Ba shi da maɓallin ƙara murya, kuma sauti kaɗan yake buƙata ya cika, don haka ka yi masa ƙaramin akwati daban mai maɓalli, in kana son Bluetooth ka ajiye shi a can. Kada ka huda jikinsa, kada ka cire GZ34 ka sa dayod na zamani, domin shi ne ke sakin wuta sannu a hankali har sauran su ɗumama, kuma kafasitar farko da ke bayansa kada ta wuce mikrofarad 60. Sitabilaiza wajibi ce, ƙaramin janareta kuwa ka nisanta shi da shi. Kada ka taɓa kunna shi babu lasifika a jone, sannan ka sani kafasitocin nan suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe, sai ka auna ka sauke wutar kafin yatsanka ya shiga.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wani ya taɓa turo mini hoton bawul yana ja, ya ce ai lafiya lau yake, alhali jan zare ba ya nuna komai game da taransifomar fitar da sauti, wadda ita ce ran injin, kuma idan ta ƙone sauran duk tarkace ne. Ka je da mitarka ka auna naɗin taransifomomin biyu, awonsu ya zo kusa da juna, ka shinshina ƙauri, ka duba ko kaki ya narke ya zubo. Tabon da ke cikin gilashin bawul ya zama kamar azurfa. In ya koma fari, iska ta shiga, ya mutu. Haka nan duk wanda ya ce maka bawul ɗinsa Mullard ne na asali, wato na tsohon kamfanin Ingila, ka sani akwai sababbi da ake yi a Rasha da wannan suna a halal, akwai kuma waɗanda ake goge wa rubutu a buga musu tambarin ƙarya. Ni sababbin JJ na ƙasar Sulobakiya na saka, ban kuma yi nadama ba.

Wat 10 ɗin nan ya ishi zaure ko falo matuƙar lasifikokinka ba masu cin wuta ba ne. Idan mai Leak ɗin ya yarda ka auna kafin ka biya, ka ɗauka ko da fentin ya koɗe. Idan ya hana, ka bar masa kayansa.