Na sayi kwas ɗin karɓar fitsarin gwaji a Amurka: ga yadda ta kaya

Shekara shida na yi ina jan tirela a Amurka kafin ciwon baya ya sauke ni daga mota. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san kiran nan na ba-zata: waya ta yi ƙara, a ce sunanka ya fito a ƙuri'a, ka ajiye abin da kake yi ka tafi gwajin ƙwaya yanzu-yanzu. Ka je wani ƙaramin asibiti, wata mata ta ce ka tuɓe jaket, ka zazzage aljihu, ka wanke hannu, ta miƙo maka kofin roba. A lokacin, ni a ganina, babu aikin da ya kai nata sauƙi a duniya. Miƙa kofi, karɓi kofi, a biya ka albashi.

Da wani asibitin duba lafiyar direbobi a nan Columbus ta jihar Ohio ya ce zai ɗauke ni in na kawo shaidar horo, sai na hau intanet na sayi kwas daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sayar da shi. Ba zan kama sunansa ba. Yanzu wata takwas ke nan ina aikin, kuma 'yan'uwa biyu sun tare ni a masallaci suna tambayar ko su ma su saya. Amsar da na ba su a tsaye ba ta isa ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya zaro katin banki shi ne Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda kowa ke kira DOT, ba ta ba kowa satifiket ɗin karɓar fitsari. Ba ta da jerin makarantun da ta amince da su, ba ta kuma buga wa kowane kwas hatimi. Abin da ta yi kawai shi ne ta rubuta sharuɗɗa a dokarta da ake kira Kashi na 40, ta ce duk mai wannan aiki sai ya cika su, kuma ya riƙe takardun da ke nuna ya cika. Tallan da ya ja ni kuwa an ƙawata shi da kalmomin da za su sa ka ɗauka gwamnati ce da kanta za ta miƙo maka takarda. Sai a cikin darasi na biyu, bayan kuɗina sun riga sun tafi, suka faɗi gaskiyar a layi ɗaya. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun bar ni na ruɗi kaina, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Darussan kansu bidiyo ne da rubutu, da tambayoyi a ƙarshen kowane babi. Na gama su a yammaci biyu. Sun buɗe da tarihi, wanda da farko na so in tsallake, sai dai ya riƙe ni. Ranar 4 ga Janairun 1987, a Chase ta jihar Maryland, jirgin ƙasa na fasinja ya yi karo da kawunan jirgin kaya, mutum 16 suka mutu, aka kuma gano cewa direban kawunan ya sha tabar wiwi. A 1991 wani direban jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York ya yi hatsari a buge, mutum biyar suka rasu, kuma a shekarar ce majalisa ta kafa dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da giya ga ma'aikatan sufuri: direbobin manyan motoci da bas, matuƙa jirgin sama, ma'aikatan jirgin ƙasa da sauransu. Shekara shida ina fitsari a kofi ban taɓa tambayar daga ina abin ya samo asali ba.

Nau'in ƙwaya biyar ake nema: wiwi, hodar ibilis, dangin amfetamin, dangin kodin da hiroyin, sai wadda ake kira PCP. Tun daga Janairun 2018 aka faɗaɗa rukunin su kodin ya haɗa da magungunan kashe raɗaɗi irin su oksikodon. Abin da ya ba ni mamaki, tiramol ɗin da ya addabi matasanmu a gida ba ya cikin jerin. Wiwi kuwa yana nan daram, ko da jihar da kake ta halatta shi, domin dokar ta tarayya ce. Amma duk wannan ba aikin mai karɓar fitsari ba ne. Mu ba ma gwada komai, ba ma ganin sakamako. Ɗakin gwaji ne ke aunawa, likita mai tantance sakamako, wanda ake kira MRO, shi ke yanke magana. Namu shi ne mu tabbatar fitsarin da ya isa can na mutumin da ya zo ne, ba a taɓa shi ba, kuma takarda ta bi shi daidai.

A nan ne na gane matar nan mai miƙo mini kofi ba hutawa take ba. Kafin mutum ya shiga bayi sai ka zuba bula a ruwan masai, ka rufe famfo ko ka liƙe shi, ka kwashe sabulu da duk abin da za a iya tsiyayawa a kofi, ka leƙa kwandon shara. Ka duba katin shaida mai hoto. In ya fito, kana da minti huɗu ka karanta zafin fitsarin a jikin kofin, kuma dole ya faɗa tsakanin digiri 32 da 38, wato 90 zuwa 100 a ma'aunin Amurkawa. Ka duba launi da kumfa da wari. Ana bukatar mililita 45 aƙalla. Ka zuba 30 a kwalbar farko, 15 a ta biyu, duk a gaban idonsa. Ka liƙa hatimin takarda a kan kowace kwalba, kai ka rubuta kwanan wata, shi ya sa haruffan farko na sunansa. Kwalba ta biyu hakkinsa ce: in ta farko ta nuna ƙwaya, yana da awa 72 daga lokacin da likita ya sanar da shi ya nemi a gwada ta biyun a wani ɗakin gwaji daban. Sai fom mai kwafi biyar, ɗaya na ɗakin gwaji, ɗaya na likita, ɗaya naka, ɗaya na kamfani, ɗaya na mai fitsarin. Wannan ɓangaren kwas ɗin ya koyar da shi da kyau, ba zan ci hakkinsu ba. Sun nuna fom ɗin layi-layi, sun kuma nanata kurakuran da ke kashe gwaji gaba ɗaya: lambar da ke jikin kwalba ta saɓa da ta fom, hatimi ya yage, ko ka manta ka rubuta sunanka kuma ba ka sa hannu ba.

Da na ci jarrabawar ƙarshe, shafin ya fito mini da satifiket mai zanen zinare a gefe. Na buga shi na kai asibiti ina taƙama. Shugabar sashen ta duba ta ce, ina takardar atisaye biyar? Ashe rabin tafiya na yi. Doka ta ce bayan darasi sai ka yi karɓar fitsari na kwaikwayo sau biyar a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba, a gaban ƙwararre da ke kallonka kai tsaye, ko a ɗaki ɗaya ko ta bidiyo. Ba kowa ke iya sa idon ba: sai wanda ya shekara yana aikin, ko ya shekara yana koyar da shi, ko ya yi kwas na horar da masu horarwa. Kamfanin da na saya wa darasi yana yin wannan, amma kuɗinsa daban, kuma ya fi na darasin tsada. An rubuta haka a shafinsu, can ƙasa da ƙananan haruffa inda sai mai neman rigima ke karantawa.

Na biya. Suka aiko da kwali ɗauke da kofuna da kwalabe da fom na koyo, suka sa mini rana da wata dattijuwa da ta daɗe a aikin. Ƙanen matata na roƙa ya zama direba, muka dafa shayi muka sirka shi ya zama fitsari. Biyu daga cikin biyar na lafiya-lau ne, babu matsala. Na uku mutum ya kawo fitsarin da bai kai ba. Na huɗu zafin ya fita daga ma'auni. Na biyar mutum ya ƙi sa hannu a fom, ya kuma ƙi rubuta haruffansa a hatimi.

A na huɗu na faɗi. Ƙanen matata ya miƙo mini shayi mai sanyi, na karanta ma'auni na ce bai yi ba, na juya zan zubar. Dattijuwar ta ce tsaya, me za ka yi? Na haɗa hukunci biyu ne a kaina. Fitsarin da bai kai mililita 45 ba shi ake zubarwa, in dai babu alamar maguɗi a cikinsa. Wanda zafinsa ya saɓa kuwa shaida ne, ba a zubar da shi. Sai ka liƙe shi ka cika masa fom ɗinsa, nan take ka sake karɓar wani a gaban mai sa ido, wato wanda zai shiga bayi da mutumin ya ga fitowar fitsarin, ka rubuta a kowane fom lambar ɗan'uwansa, ka aika duka biyun. Ta bayyana mini a natse, sannan ta ce mu koma na ɗaya. Na ce ai ukun farko sun yi kyau. Ta ce doka cewa ta yi biyar a jere. Muka sake dafa shayi. Awa ukun da na yi da matar nan sun fi duk bidiyon amfani, kuma in za a tambaye ni inda kuɗina suka yi aiki, nan ne. Tun daga ranar ban sake rikita waɗannan biyun ba, kuma sau biyu abin ya zo mini a gaske.

Inda kwas ɗin ya gaza sosai shi ne mu'amala da mutane. 'Yan wasan da ke cikin bidiyon duk masu fara'a ne, a ce zazzage aljihu su zazzage suna murmushi. Wanda zai zo maka a gaske mutum ne da aka tsayar da lodinsa, yana lissafin awoyin da yake asara, wani kuma yana ganin an zarge shi ne. Batun karɓa a gaban mai sa ido ma sun wuce shi da sauri kamar suna jin kunya. Alhali shi ne mafi nauyi a aikin: wanda ya taɓa faɗuwa gwaji zai koma aiki, da gwaje-gwajen da ke biyo baya, duk haka ake yi musu. Mai sa idon dole ya zama jinsi ɗaya da mutumin, kuma sai mutumin ya ɗaga riga sama da ƙugu, ya sauke wando zuwa tsakiyar cinya, ya juya a ga babu wata na'ura a jikinsa, sannan a kalli fitsarin yana fita zuwa kofi. Ranar da na fara yi wa wani wanda ya kai sa'an babana, ni da shi babu mai iya kallon fuskar wani. Babu darasin da ya koya mini kalmomin da zan faɗa. Abin da na gano da kaina shi ne in karanta masa abin da doka ta ce tun kafin mu shiga, in gaya masa ba ni na zaɓa ba, in kuma yi magana kaɗan.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu musamman, waɗanda sai da na koma littafin jagora na DOT, wanda ke shafinsu kyauta, na same su. Columbus cike take da direbobi Musulmi, Somaliyawa da mutanenmu na Afirka ta Yamma. Wanda ya saba shiga bayi da buta sai ya tarar babu ɗigon ruwa, an kuma ce kada ya kora masai. Yanzu tun a bakin ƙofa nake cewa, Malam, yi haƙuri da takarda, da zarar mun liƙe kwalabe ga wani bayin can da ruwa. Hula ko ɗankwalin da aka sa don addini ba a tilasta cirewa sai in akwai alamar an ɓoye wani abu a ciki. Sai babbar magana, azumi. In mutum ya kasa kawo abin da ya isa, ana ba shi har awa uku, a ba shi ruwa har oza 40, wajen lita ɗaya da 'yan kai, a rarraba cikin lokacin. A watan Ramadan wani dattijo ɗan Nijar ya zo mini da rana tsaka, ya kawo abin da bai rufe gindin kofi ba. Na ajiye masa ruwa ya ce, ɗana, azumi nake. Na ce, Baba, doka ba ta ce dole ka sha ba, ƙin shan ruwa ba ƙin gwaji ba ne. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka fita daga nan kafin mu gama, don wannan sai in rubuta, kuma kamfani na iya ɗaukarsa a matsayin ƙin gwaji, wanda hukuncinsa ɗaya da an kama ka da ƙwaya, sunanka ya shiga rumbun bayanan direbobi da aka buɗe a Janairun 2020. In awa uku ta cika babu, kamfani zai tura ka likita cikin kwana biyar ya duba ko akwai dalilin rashin lafiya, kuma ba ni da ikon cewa me likitan zai yanke. Ya zauna yana jan carbi. Saura minti ashirin lokaci ya cika ya kawo mililita 50, bai karya azuminsa ba. A kwas ɗin wannan hukunci jimla ɗaya ce tak, da ban koma na karanta da kaina ba da na tsorata tsohon nan a banza.

To, a saya ko kada a saya? In kana da wurin aiki da ke jiranka, saya, amma fara tambayar ko akwai ƙwararre a wurin da zai sa maka ido a atisaye biyar ɗin, don hakan zai rage maka kuɗi da yawa. In za ka saya a intanet, tambayi farashin darasi da atisaye a haɗe, da ko kwalin kayan koyo yana ciki. Kada kuma ka ɗauka wannan takarda ta ba ka damar gwajin giya ta numfashi, wannan horonsa daban, haka ma karɓar yawu da aka shigar cikin doka a 2023. Takardar tana aiki shekara biyar, sai a sake darasi da atisaye. In kuma ka yi kuskuren da ya sa aka soke gwajin wani, kana da kwana 30 ka yi horon gyara da atisaye uku.

Satifiket mai zanen zinaren yana cikin durowa. Takardar da nake ajiye kwafinta a wurin aiki da kuma a waya ita ce mara ado, wadda dattijuwar nan ta sa wa hannu, don ita shugabar sashenmu ta nema, ita kuma wani kamfanin tirela ya ce in turo masa watan jiya kafin ya aiko mana direbobinsa.