Fit, Aqua ko Demio: wace za ka fara saya a Gran Turismo 7?

Duk wanda ya kunna wasan bidiyon tseren motoci na Gran Turismo 7 karon farko, ba Ferrari za a miƙa masa ba. Kiredit 20,000, wato kuɗin cikin wasan, za a ba shi, a tura shi wajen dillalin motocin hannu, ya zaɓi ɗaya daga ƙananan motocin Japan guda uku: Honda Fit Hybrid ta 2014, Toyota Aqua S ta 2011, da Mazda Demio XD Touring ta 2015. Haka kamfanin Polyphony Digital ya tsara wasan tun fitowarsa a watan Maris na 2022 a na'urorin wasa na PlayStation, wato PS4 da PS5. Dukkansu tayoyin gaba ne ke jan su, amma ɗabi'arsu a kan titi ba ɗaya ba ce.

Fit ita ce wadda da yawanmu suka sani da sunan Jazz. Ta fi sauran ƙarfi, domin injin fetur da injin lantarki tare suna ba ta kimanin ƙarfin doki 135, kuma giyarta bakwai ce mai saurin sauyawa. A miƙaƙƙen titi za ta bar 'yan'uwanta a baya. Sai dai rufinta ya yi sama, jikinta na rinjaya a kwana, in kuma ka shiga da gudu sai gabanta ya ƙi bin sitiyari, ya riƙa zamewa waje. Wanda ke son cin tseren farko ba wahala, ita zai ɗauka.

Aqua, wadda ake kira Prius c a Amurka, tana da kyau a ido, ga ta a kwance ƙasa-ƙasa. Matsalarta ba ta da giyar da za ka sauya da hannunka. Ka taka totur, inji ya yi ta kuka da murya ɗaya har ƙarshen titi. An ƙera ta ne don tattalin mai, ba don tsere ba, kuma ba abin da za ta koya maka.

Ni dai Demio na zaɓa, kuma ita nake ba mutane shawara. Injinta na dizal ne mai lita 1.5 da turbo, ƙarfinsa bai fi doki 105 ba, amma yana da ja tun daga ƙasa. Abin da hakan ke nufi shi ne, in ka fito daga kwana ba sai ka jira inji ya tashi ba, da ka taɓa totur za ta amsa. Amma numfashinta gajere ne a sama, don haka dole ka sa giya da wuri, kuma nan ne mutum ke koyon sauraron inji maimakon kallon allo. Ranar da na fara sakin birki a hankali ina shiga kwana, na ji gabanta ya kama kwalta, bayanta ya biyo ba gardama, na san na fara gane tuƙi. A PS5 ma har a ɗan yatsa kake jin birkin yana karkarwa in ka matsa shi fiye da kima. Ga kuma kyau: dogon hanci, fitilu kamar idon mage, musamman in ka same ta ja. Ka shiga kallon cikin mota, agogon juyin inji na nan tsakiya, daidai gabanka.

Kada zaɓin ya hana ka barci. Aikin farko da Luca mai gidan shayin wasan zai ba ka shi ne haɗa motocin uku, kuma biyun da ka bari za su zo a matsayin kyautar tseren Sunday Cup in ka ƙare cikin ukun farko. Canjin da ya rage maka kuwa ka riƙe shi, da an buɗe shagon gyara ka fara sayen tayoyi masu kama titi kafin ka taɓa inji.