Fawa bank na Oraimo mai 20,000mAh: me zai yi wa ɗalibi, me ba zai yi ba

Waya guda ce ke ɗauke da rayuwar ɗalibin jami'a. Ta nan ake turo handawut a gurup ɗin aji, ta nan yake sayar da data ko karɓar odar turare da atamfa a WhatsApp, da daddare kuma a kanta zai kalli sabon zangon shirin Kannywood a YouTube ko ya bi wasan Firimiya. Ga wuta ta yi tsada. Tun da kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan awanni a rana, ya ninka fiye da sau uku a Afrilun 2024, ya kai naira 225 kowace kilowat-awa, jami'o'i da dama suka shiga taƙaita awannin wuta. Shi ya sa fawa bank ya zama kayan karatu, kuma na Oraimo mai 20,000mAh yana cikin waɗanda aka fi gani a hannun ɗalibai. Oraimo na kamfanin Transsion ne, masu Tecno da Infinix da itel.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne ba zai cika waya mai batir 5,000mAh sau huɗu ba, ko da sabo ne dal. Ba ha'inci aka yi ba. Lissafin 20,000 ɗin a kan bolt 3.7 na batiran ciki aka yi shi, wato wat-awa 74 (74Wh) ke nan. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi uku cikin huɗu ba. Saboda haka a sa rai da cikawa biyu da rabi zuwa uku. In ana kallon bidiyo ko an kunna hotsfot yayin cajin, abin zai ragu. Ga mai lakca daga takwas na safe zuwa yamma, da kwastomomi na jiran amsa, wannan ya isa kwana biyu ba tare da neman soket ba, kuma a nan ya ci kuɗinsa.

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne wajen cika shi kansa. Samfuri iri biyu aka fi gani a kasuwa masu girma ɗaya: na gama-gari mai ƙarfin caji wajen wat 10 (10W), da mai saurin caji da aka rubuta wa 20W ko 22.5W. Na farkon yana cin awa tara zuwa goma kafin ya cika. Na biyun, in an haɗa shi da kan caja mai 18W zuwa sama da igiyar USB-C mai kyau, awa biyar zuwa shida ya ishe shi. A hostal ɗin da ake kawo wuta awa huɗu ko biyar a dare, wannan bambancin shi ne komai: mai na gama-gari kullum zai fita da rabin caji. Mafi muni kuma a jona shi da tsohon kan caja mai ƙaramin ƙarfi, wato 1A, da aka gada daga ƙaramar waya, a nan sai ya kusa kwana da wuni bai cika ba, a ce ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Shawarata a ƙara kuɗi a ɗauki mai saurin, a kuma sa kuɗin kan caja a cikin lissafi tun farko, don ba ya zuwa a kwalin.

Igiyar da ke cikin kwalin gajera ce, ta yi daidai da aljihun jaka amma ba ta kai wa daga tebur zuwa gado. In za a sayi doguwa, a guji siririyar nan mai arha, domin tana shanye wuta a hanya, sai ka ga waya ta nuna alamar caji amma lambar ba ta motsi.

Fawa bank ɗin yana da nauyi, ya kusa rabin kilo, ba kayan aljihun wando ba ne. Fitilu huɗun da ke jikin wasu samfuran kowace kashi 25 take nufi, don haka fitila ɗaya na iya zama saura kaɗan ya mutu. Mai nuna lamba ya fi. Laftof kuma a cire rai. Yawancinsu suna buƙatar 45W zuwa 65W, wannan bai kai ba. Ƙaramin abin saurare na kunne shi ma yakan ba da matsala: wutar da yake ja ta yi kaɗan, sai fawa bank ɗin ya ɗauka ba a jona komai ba ya kashe kansa. Wasu samfuran suna da tsarin ƙaramar wuta da ake kunnawa ta madannin gefe, takardar cikin kwali za ta nuna yadda ake yi. MiFi kuwa, wato ƙaramar na'urar intanet ta tafi-da-gidanka, fawa bank ɗin yana riƙe shi sosai, abin da masu aiki ta intanet za su ji daɗinsa.

Zafi ne babban makashinsa. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40, kada a bar shi a bakin taga, ko a cusa shi ƙarƙashin filo yana caji don gudun masu ɗauke-ɗauke. Jona waya a jikinsa alhali shi ma yana shan wuta yana ƙara masa zafi, yana rage masa kwana. Da zarar an ga cikinsa ya kumbura ko murfin ya fara buɗewa, a daina amfani da shi nan take, batirin lithium ne, yana iya kamawa da wuta.

Jabu ya yi yawa, saboda sunan yana sayuwa. A kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano, a nemi dila sananne, a kankare lambar tantancewa da ke jikin kwalin a duba ta a shafin kamfanin kafin a biya. A ɗaga shi a ji: wanda aka ce 20,000 ne amma bai fi waya nauyi ba, a ajiye. A karɓi rasit mai kwanan wata a adana shi tare da kwalin, don su za a fara tambaya ranar da aka je neman garanti.